Mazurarin da Baba Mai Inji Ya Hana Aro

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gindin dutse, a kwanakin da ba a kawo wutar lantarki ba tukuna, mutumin kuwa yana da injin niƙa. Injinsa kaɗai ne a wannan yanki duka, daga bakin rafi har kasuwar Laraba. Sunansa na baftisma ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, yaro da babba Baba Mai Inji suke ce masa. Yana da ɗa guda ɗaya, Iliya, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda yake aiki tare da shi.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da inji a kowane lungu ba za ku gane abin da nake faɗa ba, amma ku yi haƙuri ku saurari tsohuwa. Kafin injin nan ya zo, mace takan durƙusa gaban dutsen niƙa tun gari bai gama wayewa ba, ta yi ta gurzar dawa har hantsi. Gwiwoyin iyayenmu mata duk sun yi kanta, bayansu ya lanƙwashe tun ba su tsufa ba. Ranar da aka sauke injin daga bayan mota, mata sun yi ta guɗa kamar an kawo amarya.

Har yanzu idan na rufe ido ina ganinsa. Ƙaton ƙarfe ne kore, da manyan ƙafafu biyu masu juyawa, da duron ruwa a gefe don ya sanyaya shi, da dogon bel da ke jan abin niƙan. Da hannu ake tayar da shi. Baba yakan tofa yawu a tafinsa, ya kama ƙarfen murɗawa, ya juya sau uku, sau huɗu, sai injin ya yi tari, ya kama: tuk, tuk, tuk, a natse, ba gaggawa. Mukan jeru a inuwar tsamiya da ƙorai da kwanuka, 'yan zumuntar mata suna bitar waƙar ran Lahadi, injin yana ba su kiɗa. Mace ta shiga ɗakin niƙa da baƙar gira ta fito da fara. Ƙanshin gari mai ɗumi haɗe da warin gas, ban ƙara jin irinsa a ko'ina ba, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Sau biyu kawai injin nan yake yin shiru da rana: ran Lahadi, da ranar da aka yi rasuwa a gari. Saboda haka idan manomi yana gona, hantsi ya yi bai ji tuk-tuk ba, sai ya saɓa fartanyarsa ya nufo gida yana tambaya wa aka rasa.

Baba Mai Inji mutum ne mai buɗaɗɗen hannu. Kekensa ya fi kwana a gidajen mutane fiye da gidansa. Tsaninsa, gatarinsa, buhunansa, duk na gari ne. Gwauruwa ba ta taɓa komawa da hatsinta ba a niƙa ba. Takalminsa na zuwa sujada, angwaye bakwai na sani da aka ɗaura musu aure a cikinsa, wani ma sai da ya cusa takarda a gaba don ya yi masa yawa. Amma akwai abu guda da ba ya ba da aronsa ko ga wa, wato mazurarin da yake zuba wa injin baƙin mai da shi.

Ba wani abin a zo a gani ba ne. Mazurari ne na farin ƙarfe, da 'yar rariya a maƙogwaronsa. Yakan naɗe shi da farin ƙyalle, ya sa shi cikin babban gwangwani mai murfi, ya rataye a ƙusa can sama kusa da jinka. Kowace safiya, kafin ya buɗe bakin da ake zuba mai, sai ya goge kewayensa tas. Ya zaro sandar awon mai, ya ɗiga ɗigo ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, ya murza a hankali, idonsa a rufe kamar mai addu'a. Galan ɗin man kuwa ba ya kwana a ɗakin niƙa inda gari ke tashi. Yana can ƙuryar ɗakin Baba, a kan katako, bakinsa a ɗaure tam.

Idan lokacin juyen mai ya yi, yakan bar injin ya yi aiki har ya yi zafi, sa'an nan ya kashe shi, ya kwance ƙasansa, tsohon man ya tsiyaye cikin wata tsohuwar tasa har ɗigon ƙarshe. Ya wanke matatar mai, ya kakkaɓe ta iska, ya wanke hannunsa da sabulu, sa'an nan ya sauko da gwangwanin. Tsohon man yakan raba wa masu gini su shafa wa azara saboda gara. Duk wannan muna gani, muna ɗauka tsirfa ce irin ta tsofaffi.

Wata rana wani dattijon ikilisiya ya zo aron mazurarin, zai zuba kananzir a fitilun majami'a. A gaban mata fiye da ashirin Baba ya dube shi ya ce, “Wannan na mai ne.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya shiga gida, ya ɗauko gora, ya yanke wuyanta da wuƙa, ya miƙa wa dattijon ya ce wannan ma za ta yi aiki. Dattijon ya karɓa, amma fuskarsa ba ta sake ba. Iliya yana tsaye a bakin ƙofa, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tun daga ranar abin ya zama abin tsokana a gari. Idan maƙwabciya ta hana ki gishiri sai ki ce mata, “Ashe ke ma jikar Mai Inji ce.” Iliya yakan ji, ya yi dariyar yaƙe, abin kuwa yana cinsa a rai.

Ana nan, tsufa ya kama Baba, ya kwanta ciwo bayan an gama girbi. Wata rana da yamma aka fito da shi inuwa a kan tabarma, ya kira ɗansa.

Ya ce, “Iliya, injin naka ne. Shekara ashirin da biyu yana hannuna, bai taɓa kwana da ciwo ba. Matan garin nan sun manta da dutse, kada ka mayar da su.”

Iliya ya ce, “Da yardar Allah, Baba.”

“Duk abin da ke gidan nan ka ba da aro. Mazurarin kaɗai, kada ya fita.”

“To, Baba.”

Ɗan bai tambayi dalili ba, uban kuma bai faɗa ba. Abin da ke ba ni haushi da tsofaffinmu ke nan, Allah ya jiƙansu. Sun san abu sarai, amma fitar da shi daga bakinsu ya fi haƙar rijiya wuya. Bayan kwana huɗu injin ya yi shiru da rana tsaka, manoma suka dawo daga gona, aka binne Baba Mai Inji.

A kwana na uku na zaman makoki, gidan cike da baƙi, aka sa wata amarya ta shirya fitilu kafin rana ta faɗi. Fitilu goma sha biyu aka tattaro daga maƙwabta. Tana zuba kananzir daga kwalba yana zubewa a ƙasa, tsofaffin mata suna yi mata faɗa. Amaryar nan, ba sai na ɓoye muku ba, ni ce. Sunana Damaris, a garin na girma, watana biyar ke nan da aure. Na ɗaga kai na hango gwangwanin ta ƙofar ɗakin niƙa, na kuwa san labarinsa sarai. Na tafi inda maza suke zaune, na durƙusa na ce, “Yaya Iliya, don Allah ara mini mazurarin nan, yanzun nan zan dawo da shi.”

Iliya ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi mutane. Sai wani daga cikin masu gaisuwa ya ce, “Bari mu gani ko ɗan ya gaji uban.” Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a gidan makoki don a sassauta zuciya. Iliya ya tashi, ya shiga, ya sauko da gwangwanin, ya kwance farin ƙyallen, ya miƙo mini. Mutane suka ce madalla, wannan yaro ya san mutunci.

Na cika fitiluna goma sha biyu, ko ɗigo bai zube ba. Aka kira ni wajen tukunya, na ajiye mazurarin a ƙasa kusa da murhu. Da na dawo na tarar toka da yashi sun manne a jikinsa. Na goge da bakin zanena, na mayar. A idona ya fita tas.

To, wanda ya ara wa mutum ɗaya a gaban jama'a, da wane baki zai hana na biyu? Kafin shekara ta zagayo mazurarin ya san kowane gida a garin. Wannan ta zuba kananzir, wancan ya ɗura ruwa a jarka zai tafi gona. Mai babur ya zuba fetur. Wani ya ɗura irin riɗi a kwalba, wani ya zuba maganin feshi. Ya kwana a kan danga raɓa ta sauka a kansa, ya kwana a tsakar gida ruwan sama ya dake shi. Wata ta ga 'yar rariyar tana rage mata sauri, ta sa tsinke ta huda ta. Farin ƙyallen ya zama tsumman goge hannu, gwangwanin kuma aka sa wa kaji ruwa a ciki. Idan Iliya zai zuba mai sai ya leƙa gida biyu ko uku kafin ya samo shi, ya hura shi da baki, ya goga a wandonsa, ya kafa.

Kada ku ɗauka Iliya malalaci ne, ko kuwa bai damu da injin ba. Yana ƙaunar injin nan kamar ransa, muryar ubansa yake ji a cikinsa. Man da yake saya ya fi na uban tsada, sai ya je har birni ya zaɓo mai kyau. Bai taɓa barin man ya yi ƙasa ba ko sau ɗaya. Amma da yake hanyar zubawar ta riga ta ƙazantu, sauran ƙa'idodin ma sai suka zama kamar wahalar banza. Me za a goge a bakin injin? Galan ya dawo ɗakin niƙa don ya fi kusa, wata rana da murfi, wata rana babu. Juye kuma ya yi ta ɗaga shi, yana cewa mai mai kyau irin wannan ai asara ce a zubar. Idan ya ragu sai ya ƙara sabo a kan tsoho.

Injin bai ce komai ba. Shekara ɗaya, shekara biyu, yana ta aikinsa. Mutane suka ce ka gani, ashe duk fitinar tsoho ce. A shekara ta uku muryarsa ta fara shaƙewa, hayaƙinsa ya koma shuɗi-shuɗi, duron ruwan yana tafasa tun kafin azahar. Mu da muke jinsa kullum ba mu lura sosai ba, don kaɗan-kaɗan abin yake sauyawa.

Sai ana saura kwana shida Kirsimeti, ran Talata da hantsi. Layi ya kai har bayan tsamiya, kowace mace da dawarta da masararta, har da na ƙauyukan kewaye. Ni ce ta huɗu a layi. Muka ji wani ƙara daga cikin injin, kamar ana buga guduma a cikin tukunyar ƙarfe. Iliya ya yi tsalle zai kashe shi, kafin ya kai hannu injin ya yi wata irin shaƙuwa, ƙafafun suka tsaya cak. Bel ya saki. Ba a jin komai sai tafasar ruwan duro.

Ba a jima ba sai ga maza suna fitowa daga gonaki da fadama, wasu da gudu. Na farkonsu ya tsaya yana haki ya ce, “Wa aka rasa?”

Washegari aka ɗauko Habila makaniki daga birni. Tsoho ne, abokin marigayin, shi ne ma ya kafa injin a ranar da aka kawo shi. Bai yi gaggawar kwance komai ba. Ya ce a ba shi farar tasa. Ya tsiyaye man a ciki, abin da ya fito kuwa ba mai ba ne, wani abu ne mai kauri, launin toka, kamar kunun kanwa da ya kwana. Ya ajiye tasar a rana, ya zauna ya sha ruwa, ya gaisa da mutane. Da ta jima ya tsiyaye na saman a hankali, ya kira Iliya.

Ya ce, “Ɗana, sa yatsanka a nan ka murza.”

Iliya ya murza. Mu da ke bakin ƙofa muna jin ƙaras-ƙaras.

Habila ya ce, “Yashi ke nan, da toka. Wannan farin da ya sa man ya zama kunu, ruwa ne. Sunsuna, ka ji kananzir? Shi ya tsinka man har ya kasa riƙe ƙarfe. Wannan dunƙulen kuma garin dawa ne, shi ya toshe hanyar da mai ke bi.” Ya karkata tasar wajen haske, sai ga wani abu yana ƙyalli a ƙasanta kamar an barbaɗa kwalli. “Wannan kuwa naman injin ne. Yashi ya ci ƙarfe, garin ƙarfen ya shiga mai ya ci wani ƙarfen. Shekara uku yana cin kansa.”

Iliya ya ce, “Baba Habila, man da ya fi kowane kyau nake saya. Ban taɓa barinsa da ƙishi ba.”

“Na sani. Ina mazurarin babanka?”

Iliya ya dubi ƙusar da ke kusa da jinka. Babu komai a jikinta. Ya dubi matarsa, ta ce ita rabonta da shi tun wancan mako. Aka fara tambayar juna, wannan ta ce ta ba wance, wance ta ce ta ba wane. Ni kuwa na san inda yake. Na zame na tafi gida, na durƙusa na jawo shi daga ƙarƙashin rumbunmu, inda na jefa shi bayan na zuba kananzir. Ya yi tsatsa, ya lotse a gefe, zanzaro har ya fara gini a cikinsa. Na kawo shi a gaban mutane na ajiye. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Habila ya ɗauka, ya juya shi, ya leƙa ta hudajjiyar rariyar. Ya ce, “Ni na ba shi wannan, ranar da muka kafa injin. Na ce masa duk abin da injin zai sha ta nan zai bi.” Sa'an nan ya ce wa Iliya, “Mai mai tsabta ka saya, ɗana. Ta ƙazamar hanya ka zuba.”

Ya kwance injin har ciki. Babban ƙarfen da ke juya komai ya zaizaye, ya tsage, irinsa kuma an daina kawowa. Habila ya wanke hannunsa ya ce ba zai yaudare shi ba, injin ya gama.

Kirsimetin wannan shekara a kan dutse muka yi ta. Aka jawo duwatsun niƙa daga bayan ɗakuna inda kaji ke kwana a kansu, aka wanke. Tsofaffin da suka yi shekara ashirin da biyar ba su durƙusa ba suka durƙusa. Ni ma na durƙusa, gwiwata ta sale, ban kuwa yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, don na san hannuna yana ciki. Ba wanda ya zagi Iliya. Da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. Yana wucewa ta bayan gidaje yana jin gurzar dutse ta ko'ina, kansa a sunkuye.

Ma'anar wannan misali ita ce, injin nan ranka ne, ɗan'uwa, ranki ne, 'yar'uwa, da dukan waɗanda suke ci daga amfaninsa: 'ya'yanku, gidanku, ikilisiyarku. Man kuwa Maganar Allah ce da alherinsa. Shi ke sa mutum ya yi ta gogayya da wahalar duniya da halin mutane bai ƙone ba. Daga wurin Ubangiji da tsabta yake zuwa, babu abin da za a ce a kansa. Mazurarin kuma kunnenku ne da idonku. Ta inda wa'azi yake shiga ran Lahadi, ta nan gulma take shiga ran Litinin. Ba ku da wata ƙofa ta biyu.

Ku lura, ba maƙiyi ne ya zo ya zuba yashi a injin Iliya ba. Mu ne, maƙwabtansa masu ƙaunarsa, kowa da 'yar buƙatarsa, kowa yana cewa yanzun nan zan dawo da shi. Haka abin yake har yau. Wadda za ta zauna ta zuba miki maganar surukarki a kunne ba baƙuwa ba ce, tare kuke waƙa a zumunta. Wanda zai turo maka ƙazamin abu a waya abokinka ne. Kai kuma kunya ta hana ka cewa a'a, kada a ce kana nuna ka fi kowa tsarki. Iliya ya ji tsoron dariyar minti ɗaya a gidan makoki, ya sayi baƙin cikin sauran kwanakinsa. Ban ce ku zama marowata ba, kada wani ya fita daga nan ya ce Mama Damaris ta hana aro. Ku ba da keke, ku ba da tsani, ku ba da takalmi har ya tsufa a ƙafar angwaye. Amma ku koyi faɗin abin da tsohon nan ya faɗa, ba da faɗa ba, ba da girman kai ba: wannan na mai ne.

Akwai kuma masu irin halin Iliya na ƙari a kan tsoho, kuma na san muna da yawa a ɗakin nan. Ba ma fashin sujada. Littafinmu mai kyau, waƙarmu mai daɗi. Kowane mako muna zuba sabon wa'azi a kan tsohuwar gaba, a kan ƙiyayyar da ta shekara goma a kwance, sa'an nan mu yi mamaki don me ba mu da salama. Sabon mai ba ya wanke tsoho, tsohon ne yake ɓata sabo. Sai an kwance ƙasa an tsiyaye, wato tuba ke nan da neman gafara. Baba da zafi yake juye, don idan injin ya huce dattin yakan kwanta ya manne. Ku ma idan kun yi wa wani laifi ku je tun abin yana da ɗumi. Ko wanda bai taɓa ara wa kowa kunnensa ba yana bukatar wannan, gama inji mai aiki da kansa yake haifar da baƙin hayaƙi a cikinsa, mu ma zuciyarmu da kanta take haifar da fushi da kishi.

Ku iyaye, ku ma kuna da naku. Baba Mai Inji mutumin kirki ne, amma da ya zaunar da ɗansa sau ɗaya, ya murza masa yashi a yatsa ya ce ga abin da nake tsoro, da wataƙila har yau ana jin tuk-tuk a gindin dutsen nan. Dokar da ba a faɗi dalilinta ba, tare da mai ita ake binne ta. Ku faɗa wa 'ya'yanku don me.

Sauran kuma tawa ce, ni mai aro. Duk lokacin da za ki buɗe baki a kunnen wani, ki tuna aron mazurari aka ba ki. Ki dubi abin da za ki bari a ciki.

Bayan shekara biyu wani ya kawo ƙaramin inji mai ƙara kamar ana yanka akuya, daga baya suka yi yawa, mata suka huta. Iliya bai ƙara yin niƙa ba, noma ya koma. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai, shi ya miƙo da hannunsa. Shekaru da yawa bayan haka, yana tsoho ina tsohuwa, na je gaishe shi ba shi da lafiya. Ya ce in leƙa tsohon ɗakin niƙa in ɗauko masa sandarsa. Na shiga. Injin yana nan inda yake, ya yi tsatsa, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Na ɗaga kai, sai ga sabon gwangwani mai murfi a rataye a ƙusar nan. Na sauko da shi na buɗe. Mazurarin ne a ciki, an kankare tsatsar, an gyara lotsawar, an sa masa sabuwar rariya, an naɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta.

Na fito da shi a hannu na ce, “Yaya Iliya, wannan fa?”

Ya ce, “Kowace Asabar nake wanke shi.”

Na ce, “To, me za ka zuba da shi?”

Ya dubi ƙofar ɗakin niƙa. Sa'an nan ya ce, “Babu. Sai da na rasa abin da zan zuba wa na iya riƙe shi, Damaris. Mayar da shi inda yake.”

Na mayar, na rufe murfin da kyau.

Ku naku injin yana aiki tukuna, ina jin muryarsa daga nan inda nake tsaye. Ku sunkuyar da kanku, mu yi addu'a.